Masu Riƙon Igiya

Injin ya yi ruri, fukafukan suka juya bisa kan Anselme Quesnel har ganyen tuffa ya watse a gonar, amma ƙafafun jirgin ba su rabu da ciyawa ba.

Shekaru ke nan Anselme, mai gyaran kekuna, yana harhaɗa wannan abu da bututun keke da yadin alharini. Burinsa jirgi mai tashi tsaye, ba sai ya yi gudu a ƙasa ba. Ƙaramin samfurin da ya gwada shi kaɗai a rumfa ya tashi har ya daki rufi. Babban kuwa kullum sai karkarwa a wuri guda, ya kwance ya ɗaura, ya rasa inda kuskuren yake.

Yau ce damarsa ta ƙarshe. Gobe mai injin zai karɓi kayansa, kuma wakilin ƙungiyar masu jiragen sama ya zo daga Paris da sharaɗi ɗaya: ya ga haske tsakanin jirgin da ƙasa.

Kamar kullum, ƙannen matarsa huɗu ne riƙe da igiyoyin kusurwa, domin kada jirgin ya karkace ya kife. Masunta ne majiya ƙarfi. Matar tasa Léonie ce ta kawo su tun gwajin farko, ta ce ba za ta damƙa ran mijinta a hannun bare ba.

"Mijin Yaya, ƙara wuta mana!" in ji Firmin, babbansu, gumi na zubo masa duk da sanyin safiyar. "Ai ko agwagwar gidanmu ta fi wannan ƙoƙari."

Anselme ya ƙara har ƙarshe. Igiyoyin suka miƙe, ƙarafa suka yi kuka, sannan injin ya yi tari ya mutu.

Wakilin ya tashi daga durƙuson da ya yi, ya kakkaɓe gwiwarsa. "Mafici mai kyau ka ƙera, Yallaɓai," ya ce, ya nufi tashar jirgin ƙasa.

Anselme ya sauko, ya ɗauki guduma, ya bi fukafukan ɗaya bayan ɗaya har ba abin da zai ɗauru.

A ɗakin girki Léonie tana shafa wa Firmin man shanu a tafukansa da suka saluɓe.

"Yaya, gara da ya farfasa shi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Duk dannewar da kika sa mu yi, yau saura ƙiris ya tafi da mu huɗun sama."