Shinkafar Alhaji Ɗan Sin

Ƙamshin ne ya fito da Kaka daga ɗaki, ƙamshin da gidanmu na unguwar Harra ta Gabas, can ƙasa mai tsarki, bai taɓa ji ba. Wani alhaji ɗan Sin da ya kama hayar ɗakin zaurenmu ne ya soya shinkafa, ya aiko mana da faranti guda. Ni kuwa lokacin ba karatu ba hankali, sai ciki. Har na kai hannu, Kaka ta damƙe ni.

"Tsaya, ɗan nema! Dafaffiyar shinkafar jiya aka sake soyawa. Mai yin haka akwai abin da yake ɓoyewa. Mutanen can an ce alade suke ci."

Ta sa aka kira shi. Shi ba Larabci, ba Hausa. Ta tsinci jan nama ta nuna masa, bawan Allah ya ɗora yatsu a ka ya yi kukan rago. Ta ɗago wani lanƙwasasshen abu, wai jambari, wato jatan lande, alhajin ya kama kwaikwayon iyo a tsakar gida. Kaka dai ba ta saki fuska ba, ni kuma yawu ya cika mini baki.

Da ya fita, ta tura mini farantin.

"Ci, kai ba ka balaga ba, ba a fara rubuta maka ba."

Na share shi tas tana kallona tana haɗiyar yawu. Yau ga furfura, ana rubuta mini komai, kuma babu mai tura mini faranti.