Ɗigon Jini a Dajin Koskela

Bindigar ta yi ɗan tari kawai, kamar an buɗe kwalbar lemo, barewar ta zabura ta faɗa cikin itatuwa.

Arvid Koskela ya dafe haƙarƙarinsa. Yau kuma bindigar ta doke shi, abin da ba ta saba ba. Shi da ƙanensa Toivo suke ɗura harsasan nan da hannunsu a gareji: dalma mai nauyi, albarushi kaɗan, tafiya a hankali, ba ƙara. Aibinsu ɗaya ne, ba sa cin nisa. Shi ya sa da hantsi ya bar wurin da suka yi alkawari zai zauna, ya lallaɓa ya zagayo ƙasan kwari don ya matso kusa. Bai gaya wa Toivo ba. Da me zai gaya masa, waya ba ta kamawa a dajin nan?

Shekara tara ke nan da ya taɓa raunata wata barewa ta ɓace masa. Sai bayan kwana uku ya same ta a bakin rafi, da sauran ranta, tana kallonsa. Har yau idon nan bai bar shi ba. Ya rantse ba zai ƙara barin dabba ta mutu a wahale ba.

Ya isa inda barewar yau ta tsaya. Ba jini, ba gashi, sai busassun ganye. Bai yi mamaki ba, harsashi mai sanyin gudu ƙaramar ƙofa yake yi. Sai ya yi abin da mahaifinsu ya koya musu: idan sawu ya ɓace, ka riƙa zagaye, kana faɗaɗa da'ira.

A zagaye na biyu ya gani. Ɗigo ɗaya a kan ganye, ɗanye sharaf.

"Yauwa! Na same ki, 'yar nema," ya ce.

Ya ɗaura ƙyalle a reshe, ya ci gaba. Wani ɗigon. Wani kuma. Jinin na ƙaruwa, amma barewar nan wai ita ma zagaye take yi, ga ƙyallensa na farko ya sake dawo masa. Dajin ya yi tsit, ko tsuntsu babu. Ƙishirwa ta kama shi, sanyi ya shiga ƙashinsa, ga rana tsaka. Tsoro ya ji, wallahi, irin wanda bai taɓa ji ba: gani yake tsohuwar barewar ce ta dawo tana ja masa rai.

"Ki tsaya mana in hutar da ke," ya ce.

Sai ga Toivo ya gangaro daga tudu yana haki.

"Yaya! Kai da na bari can gabas, uban me ya kawo ka nan?"

"Rufe baki, sarkin surutu. Na harbe ta. Dubi jini."

"Wace barewa? Lafiyarta ƙalau, da idona na ga ta tsallake rafi. Ni ma na harba na kuskure, harsashin ya wuce ta..."

Toivo ba ƙasa yake kallo ba.

Arvid ya bi idon ƙanensa zuwa gefen rigarsa, daidai inda ya zaci bindigarsa ce ta doke shi, ya ga wani sabon ɗigon ya sauka a kan takalminsa.