Takalmin Tahir a Bakin Ƙofa

Wata huɗu Tahir ya yi a ɗakin ƙurya na gidansa da ke Gamboru, an kulle ƙofa ta waje. Duk wanda ya zo nemansa, amsa ɗaya matarsa Maimunat ke bayarwa: ya yi tafiya.

Mai karatu, kada ka yi saurin zaginta. Maimunat ba muguwa ba ce. Tsoro take kada a riƙa nuna 'ya'yanta a layi ana cewa ga 'ya'yan mahaukaci, kuma da yawanmu abin da za mu yi ke nan.

Tahir makiyayi ne tun tasowarsa. Shekara goma da suka wuce mahara suka faɗa wa rugarsu, suka kore garken, suka kashe ƙanensa Uwais a kan idonsa. Ya shigo Maiduguri da iyalinsa da tsohuwarsa, ya kama dillanci a kasuwar shanu. Duk ranar da ya buɗe baki zai yi zancen abin da ya gani, sai a tari numfashinsa: "Yi haƙuri, ƙaddara ce. Kai fa namiji ne." Maimunat ta tura sandar kiwonsa ƙarƙashin gado, ta hana kowa ambaton Uwais a gidan, wai kada a fama masa ciwo. Sai ya yi shiru. Barci ya ƙaurace masa, ya rame, mu kuma muna ta yaba masa juriya.

Wata safiya aka sauke wata jar saniya daga mota, kunnenta na dama da tsaga biyu, irin shaidar da gidansu ke yi wa shanunsu. Tahir ya rungume wuyanta yana kuka, yana kiran Uwais ya zo ga tasu ta dawo. Sai da mutum huɗu suka ɓanɓare shi. Kafin azahar duk kasuwa ta ɗauka Tahir ya zare, kuma a ranar Maimunat ta sayo kwaɗo.

Tsohuwarsa tana unguwar Dala, nan cikin Maiduguri, a gidan 'yarta. Sau uku tana aiko a kira mata shi, sau uku ana ce mata bai dawo ba. A wata na uku ta rasu tana tambayarsa. Aka yi jana'iza, aka watse, ɗanta yana kwance a ɗaki bai sani ba.

Akwai wata mai shagon kayan masarufi daura da gidan, Clementina, wadda ke cikin 'yan sa-kan da asibitin unguwa ya koya wa gane alamomin damuwa da ciwon ƙwaƙwalwa. Ran nan ta shiga kai wa Maimunat saƙo, idonta ya sauka a kan takalmin Tahir a bakin ƙofar da ke kulle.

"Wushe, Maman Ihsan," in ji ta, tana gaida Maimunat da Barbarci. "Shi mai gidan ba takalmi ya yi tafiyar?"

Maimunat ta buɗe baki za ta kare kanta, sai kuka ya ƙwace mata.

Clementina ta zauna kusa da ita. "Ba tonon asiri na zo ba. Abin nan ciwo ne, kuma yana da magani. Ki yarda in kira Ya Kellu."

Ya Kellu ita ce ma'aikaciyar lafiya mai kula da wannan ɓangare. Washegari ta zo, ba igiya, ba ƙarti. Aka buɗe ƙofa, ta shimfiɗa tabarma a bakin ɗakin, ta gaishe shi kamar yadda ake gaida magidanci. Can ta ce, "Malam Tahir, a garkenku wace saniya ce ke jan gaba?"

Ya juyo ya dube ta. Sannan ya ce, "Wata ja ce. Muryar Uwais kaɗai take ji."

Maimunat ta yi sauri: "Yi haƙuri, Baban Ihsan, bar zancen nan."

Ya Kellu ta ɗaga mata hannu. "Bar shi ya ƙarasa."

Ya yi ta magana har la'asar. A shekara goma, ranar ce ta farko da aka bar shi ya kai ƙarshen labarinsa.

Sauƙi bai zo a rana ɗaya ba. Ya ga likita, aka ɗora shi a kan magani, kuma kowace Laraba yana zuwa zaman da ake yi a ƙarƙashin darbejiyar asibitin, inda ya tarar da maza irinsa da suka daɗe suna haɗiye nasu. Da ya fara samun kansa, abin da ya fara tambaya shi ne Inna. Maimunat ce ta faɗa masa, a durƙushe. Ya ce, "Da an buɗe ƙofar nan da wuri, da na gan ta." Ya yafe mata daga baya, amma wannan kalma tana nan a ranta har gobe.

Yau Tahir ya koma kasuwa, sandarsa a kafaɗa. Duk Juma'a sai ya ajiye wa Clementina ƙwaryar kindirmo a shago. Tun tana cewa ya daina har ta gaji. Idan aka ambaci Ya Kellu kuwa, ɗaga hannu yake ya ce, "Allah Ya saka mata. Ita ta bar ni na ƙarasa."

Maimunat ma ta shiga cikin 'yan sa-kan. Duk gidan da ta shiga aka ce mata wane ya yi tafiya, bakin ƙofa take fara dubawa.

Jama'a, ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar kowane, ba abin kunya ba. Ku saurari mai damuwa har ya ƙarasa, ku kai shi wurin ma'aikatan lafiya tun da wuri, domin abin da aka rasa a bayan ƙofar da aka kulle ba ya dawowa.