Tashar da Ba a Tsayawa

A Babbar Tasha an hana tsayuwa. Daɓen ne ke tafiya da kansa, yana kwasar 'yan ofis daga wannan jirgi zuwa wancan, wai don kada a yi cunkoso. Ni kuwa tsayuwa ce ta kawo ni.

Na tare wani yaro mai kayan ma'aikata, shi ma daɓen na tafe da shi. Na ce, "Kai ɗan nan, ku kashe min wannan abin! Nan unguwarmu ce kafin ku rushe ta. Daidai ginshiƙin can aka binne min jariri a bayan ɗaki, ko suna ba a yi ba. Addu'a zan yi masa."

"Iya, ai an kwashe maƙabarta kafin a fara gini."

"Maƙabarta kuka kwashe, sakarai! Na cikin gidaje fa? Wa kuka tambaya?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce ko shugaban tasha ba shi da ikon tsayar da shi. Kafin in ƙara zaginsa, daɓen ya raba mu.

Sai na juya na fuskanci masu tahowa. Daɓen yana ja na baya, ina takawa gaba, gwiwa na ƙara, amma ban bar gefen ginshiƙin ba. Na ɗaga hannu.

Ban kai ga shafawa ba na ji haki a kusa da ni. Yalwa ce, maƙwabciyata ta dā, ita ma tana takawa.

"Tabawa, matsa gaba kaɗan," in ji ta. "A kan nawa kike."