Minti Hamsin da Bakwai

Gregory ya ɗaure wutsiyar jirgin samansa a jikin bishiyar bayan gidansu a Manassas, kamar kowace Asabar. Matarsa Nanret na tsaye da agogo a hannu, ko kayan asibiti ba ta cire ba.

Shekara huɗu ya yi yana harhaɗa wannan jirgi mai kujera ɗaya a gareji. Kaf 'yan cocinsu sun san zancen, don bakin Gregory ba ya hutawa. Injin kuwa irin na tsohon babur ne, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ga shi da mutuwa ba sallama. Shi ya sa ta matsa masa har ya yi alkawari: ba zai tashi sama ba sai injin ya yi awa guda cur a ƙasa bai mutu ba.

Ita ke haɗa man, wai hannun nas ya fi iya awo. Wata bakwai ke nan tana tsiyaya wa man ruwa da sirinji a ɓoye. Injin ya yi tari ya mutu, Gregory ya zage shi tas, ya canza fulogi, ya wanke kafireta, sannan ya zauna ya tashi da tuwo malmala biyu. Man ne kaɗai bai taɓa dubawa ba.

Ta gaji. Ta gaji da ƙarya, ta gaji da kallon mutum da furfurarsa yana gyaran abin da lafiyarsa ƙalau. Yau ta bar sirinjin a jaka. In ya tashi ya faɗo, Allah ya sani ta yi iya yinta.

Injin ya kama, farfela na juyawa ba ko gargada. Minti talatin, arba'in, hamsin. Gregory na zaune a kujerar, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Sai Nanret ta zagaya ɗaya gefen, inda ba ta saba tsayawa ba, ta jingina da shinge.

A minti na hamsin da bakwai injin ya mutu.

Gregory ya sauko yana girgiza kai. "Kin gani ko, Maman Tracy? Halin injin two-stroke ke nan. Sai wani satin."

"Allah ya kai mu, Baban Tracy," in ji ta.

Ba ta gaya masa ba, amma daga inda take tsaye ta ga lokacin da hannunsa ya lallaɓa ƙarƙashin kujera ya rufe makullin mai.