Bakancen Hajiya Saniye

Hajiya Saniye ta kwashe cokulan katakon Nermin, matar ɗanta, kaf ta zuba a shara, sannan ta naɗe hannun riga ta ce daga yau kicin ya dawo hannunta.

Ɗan nata Turgut, wanda ya gaji gidan burodin ubansa a birnin Konya, ya rame har sai da aka ƙara wa bel ɗinsa huji. Da ya haura shekara arba'in cikinsa ya fara tawaye. Likita ta gwada jininsa, ta leƙa hanjinsa, ta ce siliyak ne: hanjin ba ya shiri da alkama, kuma ba ranar sulhu. Ta ce abin a jini yake tafiya, ta uwa ko ta uba. Wani yana ɗauke da shi har kabari bai taɓa shi ba, wani sai da girma yake taso masa. Ta nemi 'yan uwa na kusa su zo a gwada su.

"A jinin wa?" in ji Hajiya. "Mu danginmu ko tsakuwa muka haɗiye sai ta narke. A tambayi dangin ubansa."

Gwaggo Nezahat, ƙanwar marigayi uban Turgut, ta aiko da amsa ta tagar bene: su tun kakanni fulawa suke shaƙa, ba wanda ya taɓa dafe ciki.

Asibiti kuwa Hajiya ta ce ba ta zuwa, jininta ba na rabo ba ne. Ta yanke hukunci cewa girkin matan zamani ne ya lalata mata yaro, kuma ita za ta gyara.

Nan hankalin Nermin ya tashi. Ta san yadda ake girki a garin nan. Miya da fulawa ake kaɗa ta, curin nama da ɓarɓashin burodi ake haɗa shi. Ga shi ƙofar kicin a rufe, sai dai ta ga kwanuka suna fitowa: miya mai kauri, curin nama yana tururi, ganyen inabi naɗe da shinkafa. Ta riƙa ƙirga cokulan da mijinta ke kaiwa baki kamar mai kallon ana ba shi guba. In ta yi magana, Turgut ya ce, "Haba Nermin, uwata ce za ta kashe ni?"

Burodi bai taɓa barin tebur ba, don gidan mai burodi ne. Sai dai kullum yana can ƙarshe, kuma dokar Hajiya ita ce sai an cinye abin da ta zuba. Ita ba ta zama a ci da ita, ba ta taɓa zama ba. Tana tsaye da ludayi, da ya miƙa hannu ta ƙara masa shinkafa. Da rana ta bi shi shago da kwanon abinci, ta zauna kusa da tanderu tana jan carbi, idonta a kan bakinsa.

Kafin damina ta zagayo, wuyan Turgut ya ciko. Ya daina gudun banɗaki a tsakiyar ciniki. Likita ta sake gwada jinin ta yaba masa da kiyaye doka. Turgut ya fito yana dariya. Wace doka? Shi da ke cin duk abin da uwarsa ta dafa?

Ya sanar da dangi cewa likita ta yi kuskure, uwarsa ta warkar da shi, ranar Juma'a za a yi walima kuma shi zai gutsuri burodin farko. Nermin ta roƙe shi har da kuka. Ya ce kishin girki ne ke damunta.

Ranar Juma'a falo ya cika. Aka kawo burodi da zafinsa. Turgut ya gutsura, ya yi bisimilla. Bai kai baki ba ludayi ya sauka a bayan hannunsa.

"Ajiye," in ji Hajiya. "Na yi bakance. Na ce wa Allah in Ya tashi kafaɗarka, alkama ba za ta ƙara shiga bakinka ba har ka koma gare Shi."

"Saniye, da bakin wani ake bakance?" in ji Gwaggo Nezahat. "Mutane rago suke yankawa."

"Ni na haifi bakin. Kai kuma in kana so uwarka ta tashi gaban Ubangiji da alkawari a wuya, ga burodi nan, ci."

Turgut ya dubi burodin, ya dubi uwarsa. Abin da likita da matarsa suka kasa, ya yi shi nan take: ya ajiye.

Da baƙi suka watse, Nermin ta tura ƙofar kicin ba sallama. Hajiya na wanke tukunya. A kan kantar kicin ga garin shinkafa, ga garin masara, ba ko ƙwayar alkama.

"Inna, wa ya koya miki wannan girkin?"

"Rufe ƙofa, 'yar nan. Gobe zan fara koya miki, don ba zan dawwama ba." Ta rage murya, ta ɗaga ido wajen bene. "In waccan ta ji, ban yafe ba. An kawo ni gidan masu burodi ina amarya, kin ga da na faɗi gaskiya cewa cikina ba ya shiri da alkama, da a makon za a mayar da ni ƙauyenmu. Tun kafin a haifi mijinki, ko ɓarɓashin burodi bai wuce maƙogwarona ba."