Injin Da Ba Ya Son Tamu

Tamu ya danna makunni, injin iska ya yi gurnani, sai ƙas! dizonkte, abin nan mai katse wuta, ya faɗi. Wuta ta ɗauke a garajin Alhaji Mainassara, ta ɗauke har zaurensa, domin waya ɗaya suke sha. Fankar Alhaji ta tsaya, kowa ya san an koma gidan jiya.

"Tamu ne ko?" in ji Alhaji daga ciki. Bai ma leƙo ba.

Shekarar da fari ya cinye shanu ce. Manyan motoci na jigilar dawar agaji daga Magariya zuwa Dungas da Dogo-Dogo, hanya kuwa rairayi ce zalla. Dole direba ya rage wa tayoyinsa iska kafin ya shiga, in ya dawo ya nemi inda za a cika masa. Kwamfuresa, wato injin iska, ɗaya ce a garin, tsohuwa, Alhaji ya sayo ta a Kano. Ya raba aikinta gida biyu: Tamu daga safe zuwa azahar, Manu daga azahar zuwa magariba. Ya kuma ce wanda injin ya fi yarda da shi, shi zai riƙe makullin garaji.

Tamu ya tsufa a garajin nan, babu ƙusar da bai san sunanta ba. Manu kuwa makiyayi ne daga Bande, garkensa ya ƙare a fari, ya shigo gari da sanda a kafaɗa, ko riƙe sifana bai iya ba. Amma da zarar ya taɓa makunni sai injin ya tashi sumul, ya yi ta bugawa har tanki ya cika.

Abin ya tsaya wa Tamu a rai. Kishi yake yi, kishi sosai, har tuwo ya daina yi masa daɗi.

Ba wai bai yi ƙoƙari ba. Ya canza bel, ya juye mai ya zuba sabo, ya wanke matatar iska da kananzir, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure. Wata rana ya ɗaure dizonkte da waya don kada ya faɗi, sai da ƙauri ya tashi, Alhaji ya fito ba takalmi yana salati. Daga baya Tamu ya tone ƙarƙashin injin yana neman laya, ya samo mataccen ƙadangare.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne kirkin Manu. Kullum da safe sai ya tarar allurar tanki na tsakiya, wai an bar masa saura.

"Yaya Tamu, na rage maka kaɗan, ka fara da ita," haka Manu ke cewa, da wannan murmushin nasa.

Sadaka ke nan! Ɗan jiya ne zai ba shi sadakar iska? Ragowar ma ba ta da ƙarfin cika tayar babbar mota. Tamu ya yi ta kunnawa, dizonkte na faɗuwa, direbobi na tsaki suna cewa za su dawo in mai hannun albarka ya zo. Sai can rana ta take, ya gama raba ragowar ga masu kekuna, sannan injin ya ga dama ya tashi, kamar mai yi masa ba'a. Tanki ya cika fal, ba mota ko ɗaya.

To, wannan iskar da ya sha wuya ya tara, ba dai Manu ya gaje ta ba. Da an kira azahar kowa ya nufi buta, sai Tamu ya durƙusa, ya murɗa ɗan famfon da ke ƙasan tanki. Ya tsaya yana sauraron hucinta har ta mutu, ya rufe, ya tafi salla zuciyarsa wasai. Bari makiyayi ya fara daga babu. Bai taɓa fashin wannan ba, ko ranar da zazzaɓi ya kama shi.

Manu ya zo, ya tarar allura kwance. Ya danna, injin ya tashi.

Ranar wata Juma'a Alhaji ya tara su, ya miƙa wa Manu makulli a gaban direbobi. Tamu ya ce Allah ya sa alheri da muryar da ba tasa ba. Ya shiga tattara kayan aikinsa a buhu, ya ƙudura gobe zai koma ƙauyensu Guci ya kama noma.

Yana ɗaure bakin buhun sai ga Bukar, mai gyaran wutar lantarki da Alhaji ya daɗe da aika wa saƙo Damagaram. Bukar ya kunna injin da iska a tanki, dizonkte ya faɗi. Ya kwance wani bututu, ya ciro ɗan bawul da tsatsa ta cinye, ya hura shi.

"Ga ɓarawon, Alhaji. Wannan ne ke hana iskar tanki komowa ta danne injin. Tun a Kano ya mutu. Muddin da saura a tanki, ko wa ya kunna sai wuta ta faɗi."

"To Manu fa?" in ji Alhaji. "A hannunsa bai taɓa gardama ba."

Bukar ya goge hannu da tsumma, ya dubi Manu, ya yi dariya.

"Ba hannunsa ba ne, ranka ya daɗe. Yana da masoyi a garajin nan, wanda kullum ke zubar masa da iskar tanki kaf kafin ya kunna. In ba don wannan bawan Allah ba, da ko sau ɗaya injin nan bai tashi wa Manu ba."